Iskar da ke Tayar Hagu

Yaya, ka tafi ka bar ni da amalanke, da Inna, da Kawu. Biyun farko ina iya ƙoƙarina a kansu. Na ukun ne nake so in ba ka labarinsa, don na san da kana nan da sai ka riƙe ciki ka zauna daɓas a ƙasa, kamar yadda kake yi idan dariya ta ci ƙarfinka.

Amma bari in fara gaya maka inda zuciyata take cikin duk wannan shirmen. Ka tuna safiyar ƙarshe da ka fita aiki? Tayar hagu ta kwana a sace. Ka ɗauko famfon hannu, na durƙusa na riƙe maka bakinsa a kan bawul, kana bugawa kana tsayawa kana haki, gumi yana ɗiga daga haɓarka a kan robar. Ban gane komai ba a lokacin, na ɗauka zafi ne. Da ka gama ka lakato yawu ka shafa a bakin bawul, muka tsura masa ido, bai yi kumfa ba. Ka buga tayar da tafin hannu ka ce, "Wannan za ta kai mu, Auta." Da la'asar aka kawo ka gida a kwance, ba ka ƙara tashi ba.

Iskar nan tana ciki har yau. Ban ƙara ba, ban rage ba. Idan ina tura kaya na hango fasasshiyar kwalba ko ƙusa, karkatawa nake yi tayar dama ta taka. Duk abin da ka bari an wanke, ko an ninke, ko an bayar. Ita kaɗai ce take nan yadda ka sa ta da hannunka.

To, Kawu. Ƙanin Inna dai da ka sani. Ya zo gaisuwa da jaka ɗaya, ya ce zai ɗan zauna ya tallafa wa yayarsa, kuma har yanzu yana tallafawa, galibi ta gefen kwano. Ka san ya taɓa yin gadi a wani shagon sayar da tayoyi kafin a sallame shi saboda barci. Tun daga nan ba ya buɗe baki sai ya ce, "Mu da muka yi aiki a fannin taya." Sunan Injiniya ma shi ya raɗa wa kansa, mutane suka karɓa don yana da daɗin tsokana.

Abin ya fara ne ranar da tayar dama ta taka ƙusa na kai wa Mai Faci a bakin layi. Kawu ya biyo ni, hannu a baya, yana kallon rumfar kamar wanda aka aiko ya duba ta.

"Kai Auta, yaushe za ka daina kawo wa mutumin nan tayar nan?"

"Ai sai ta sace nake kawowa, Kawu."

"Ka ji ko? Ta sace! Ku bakinku yana faɗin gaskiya, kunnenku ba ya ji. Me ya sa ba a cewa ta gaji, ko ta kwanta? Don sata ce! Iska ɓarauniya ce, tana ganin ƙofa take sulalewa. Shi kuma wannan," ya nuna Mai Faci da haɓa, "shi ne mai karɓar kayan satar."

Ka san bakin Mai Faci. Bai ko ɗago daga bahon ruwan da yake tsoma tif ɗin taya a ciki ba.

"Injiniya, an dai karya ko?"

"Yi dariyarka. Ni nan zan raba taya da iska har abada. Rumfar nan taka, nan gaba kaɗan kaji za su riƙa kwana a ciki."

"Fara raba kanka da iskar tukuna. Kai in aka cire maka iska ai riga ce kawai za ta rage."

Masu zaman benci suka bushe da dariya. Kawu ya gyara hula ya ce za su gani. Kuma wallahi sun gani, Yaya.

A wayar wani ya taɓa ganin ana ɗura wani koren ruwa a taya, a soka mata ƙusa, a zare, ramin ya toshe da kansa. Kawu ya ce wannan ai ba wani abu ba ne, danƙo ne kawai aka ba shi suna. Ya roƙo sitaci wajen mai wankin da ke maƙwabtaka da mu, ya samo ragowar gam wajen kafinta, ya juye rabin gwangwanin sukarin Inna a kai don ya ƙara kamawa. Sannan ya zuba koren rini.

Na ce, "Kawu, rinin fa na mene ne?"

Ya ce, "A wayar kore ne. Kai ka san abin da kore yake yi a ciki? To ni ma ba zan yi wasa da shi ba."

Ya zare ƙwayar bawul ɗin tayar dama ya ɗura da mazurarin man Inna. Da ya juyo kan ta hagu sai na tare shi. Na ce masa bawul ɗinta ya cije, ba ya kwantuwa. Ya ce ba komai, ɗaya ma ta isa ta koya wa duniya hankali.

Ya kifa amalanken a ƙofar gida, ya buga wa tayar iska har ta yi tauri kamar dutse, ya kira mutane. Ya ɗauko ƙusa mai tsawon ɗan yatsa ya kafa da dutse.

"Ku lura da kyau. Ina zarewa, sinadari zai ga ƙofa a buɗe, ya taso ya rufe ta."

Ya zare. Sinadari ya ga ƙofa a buɗe, ya taso ya fita. Tsartuwar farko a ido ta same shi. Ya yi ihu ya juya tayar don ya kauce, ita kuma ta ci gaba da juyawa tana feshi, har ta bi igiyar mai wanki daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Fararen kaya ne a kai, Yaya, na mutane.

Mai wanki ya fito da dutsen guga a hannu, ya tsaya, ya kalli igiya, ya kalli Kawu.

"Da sitacina? Da sitacin da na ba ka da hannuna?"

"Maƙwabci, ka kwantar da hankalinka. Kore ai yana yi wa fari kyau."

"Zo in yi maka guga a fuska mu ga ko zai yi maka kyau!"

Sai da aka riƙe shi. Kawu yana goge ido yana bayani cewa laifin ƙusar ne, ba ƙusar gwaji ba ce. Washegari muka tashi muka tarar da tururuwa sun yi layi tun daga bakin kwata har cikin tayar, wani reshen kuma ya ratse ya nufi gemun Kawu a kan katifa. Da na kai wa Mai Faci tif ɗin, ya shinshina, ya ɗan lasa yatsa, ya miƙo mini.

"Gaya wa kawunka ni faci nake yi, ba na gyaran alewa."

Na zaci shi ke nan. Ina! Da rana sai ga Kawu da wuƙa.

"Kuskurena ɗaya ne, Auta. Na bar iska a ciki. Ba a sulhu da ɓarawo, korarsa ake yi a rufe gida."

Ya karɓe tif ɗin ya jefar, ya ce cika tayar zai yi da abin da ba ya gudu. Ya yanko soso daga katifar da yake kwana a kai, ta wajen ƙafa, wai ƙafa ba ta san daɗi ba. Soson bai isa ba, ya ƙara da tsummoki. Tsummoki ba su isa ba, ya ƙara da tsofaffin silifa, har da na Inna guda ɗaya da ba tsoho ba. Ya dinga dannawa da muciya yana nishi. Da ya gama, tayar ta yi tudu a nan, kwari a can, kamar buhun albasa.

A ranar ne kuma mai ƙwai ta zo neman a ɗaukar mata kaya daga inda mota ta sauke zuwa shagonta. Ka san ta, kai kaɗai take yarda ka taɓa mata kiret, ni ma don kai ta ci gaba da kirana. Na ce mata amalanken ba shi da lafiya yau. Kawu ya shiga tsakani.

"Baiwar Allah, yau ƙwanki zai hau abin da bai taɓa hawa ba. Matsa, Auta, ni zan tura."

Yaya, ka taɓa ganin amalanke yana ɗingishi? Duk juyi ɗaya sai ya rusuna ya gaida ƙasa, sannan ya zabura ya yi tsalle. Gwaf, sululu. Gwaf, sululu. Kiret-kiret suna tashi suna zama. Ni ina gefen hagu, hannuna a kan katakon, duk tsallen da ya yi sai in ji shi a haƙarƙarina, ina kallon tayarka tana shanye dukan da ba nata ba.

Mai ƙwai tana biye tana salati.

"Injiniya, dako na ce a yi mini ko rawa?"

"Zama take yi! Sabuwar taya sai ta zauna!"

"Ƙwan nawa ma ai ya zauna, ga shi nan yana bin ƙasa!"

Kafin mu kai shago, wani rawayan zare ya biyo mu tun daga kwana, kuliyoyin layin suna biye da shi cikin ladabi. Mai ƙwai ta ɗaga kiret na sama, ta ɗaga na ƙasa. Ta lalubo guda ɗaya da ya tsira, ta cire wa Kawu hula da hannu ɗaya, ta fasa masa a tsakar ka, ta mayar da hular.

"Kada ya yi kewar 'yan'uwansa," in ji ta.

Haka ya shigo gida, ƙwai yana bin wuyansa, kunnuwansa kuma har lokacin da sauran kore. Na saci kallon Inna. Tun tafiyarka ba ta yi dariya ba, Yaya. Zama take yi a bakin ɗaki, hannuwa a cinya, tana kallon wajen da kake jingine amalanke. Ta dubi ƙaninta sama da ƙasa, ta tura masa sabulu da ƙafa, ta mayar da kai.

Da mai hankali ne, da ya tsaya a nan. Kawu ya wayi gari a rumfar Mai Faci da sabuwar magana.

"Na gano. Soso yana da laushin zuciya. Abin da ya tsaya a duniya shi ne gini. Ka taɓa ganin gida ya sace?"

Mai Faci ya ce, "Ka taɓa ganin gida ya je kasuwa?"

Kawu bai saurare shi ba. Ya samo ragowar siminti wajen wani birkila, ya kwaɓa da yashi da tsakuwa a bokitin wankan gida, ya kwashe soso da silifa, ya yanka wa tayar dama baki a gefe ya ɗura har ta cika. Sannan ya share wuƙar a wando, ya nufo ta hagu.

Ban san lokacin da na zauna a kanta ba.

"Tashi, Auta."

"Kawu, a bar wannan."

"Don me?"

Ta yaya zan ce wa mutumin da ya kira iska ɓarauniya wai iskar Yayana ce a ciki? Kafin la'asar duk bencin Mai Faci sun ji, su riƙa tausaya mini ko su riƙa dariya, kuma ban san wanne ya fi ciwo ba. Na sunkuyar da kai na ce simintin ba zai isa ba.

Ya leƙa bokiti. Gaskiya ne, saura ɗan kaɗan a gindi. Ya daɗe yana kallon tayar da nake zaune a kai, sai ya yi wani murmushi.

"Bar ta. Tana da amfani."

Na yi ajiyar zuciya. Ashe a nan ya kamata in ji tsoro.

Kafin simintin ya bushe, a ka nake dako. Ina cikin kasuwa da buhu a wuya sai ga mai wanki da ƙullin kaya.

"Kai ba ka je kallo ba? Kawunka ya tara gari a kan gangare. Ni zuwa zan yi in tsaya nesa, fararen kaya ne a hannuna."

Na dire buhun a inda nake na zura da gudu.

Ka san gangaren bayan kasuwa, wanda yake saukowa ya ƙare a rumfar Mai Faci da babbar kwata. Masu amalanke da masu baro sun cika gefe da gefe. Mai ƙwai tana nan ta riƙe ƙugu. Har Inna Kawu ya fito da ita, ya ajiye mata kujera a inuwa, wai ta ga abin da ƙaninta ya ƙago. A ƙasan gangaren an gicciye dogon katako, an jera masa ƙusoshi, tsininsu yana kallon sama. A can sama kuma ga amalankenmu, mutum biyu sun riƙe shi, Kawu yana zaune a kai bisa wata 'yar kujera, cikin rigarsa ta fita kunya.

"Jama'a!" yake cewa. "Tayar dama tawa ce, ta ilimi. Tayar hagu ta iska ce, ta duhun kai. Yanzu su biyun za su taka ƙusoshin can a gaban idonku. Ku kasa kunne ku ji wadda za ta yi kuka!"

Na nufi saman gangaren da gudu. Ina hawa ina ihu, "Kawu, kar ka yi! Don Allah, Kawu!"

"Yawwa, ga magajina ya iso. Ku saki!"

Suka saki. Na cafko hannun amalanken da hannu ɗaya, ya fizge ni, takalmina ya yi nasa wuri, na bi shi da gwiwa, na bi shi da ciki, sannan ya kuɓuce. Na rage a kwance, ƙasa a baki, ina kallo.

Tayar simintin tana rugugi kamar ana mirgina turmi a kan kwano. Tun daga sama nauyinta ya fara jan amalanken dama. Kawu ya riƙe hula da hannu ɗaya, kujera da ɗaya.

"Birki! Ina birkin?"

Daga ƙasa Mai Faci ya ɗaga murya, "Ba ka ƙago shi ba tukuna, Injiniya!"

Dab da katakon, tayar simintin ta faɗa zaizayar ruwan da ke gefen hanya. Amalanken ya kwanta dama. Sai tayar hagu ta tashi sama, Yaya. Ta rabu da ƙasa tana juyawa ita kaɗai, rana tana wasa a jikin ƙarfenta, ta wuce ta saman ƙusoshin nan da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba. Kamar kai ne ka sa hannu ka ɗaga ta, yadda kake yi idan za mu tsallake kwata da kayan fashewa.

Ta simintin kuwa ta doki ƙarshen katakon, ta tarwatse. Katakon ya yi tsalle ya yi gaba, kamar ya je ya jira wani. Amalanken ya tsaya cak a bakin kwata. Kawu bai tsaya ba. Ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, riga ta buɗe kamar lema, ya sauka a zaune daidai inda katakon yake jiransa.

Sai wata siririyar ƙara ta fito daga bakin Kawu, doguwa, "Fiiiiiii..."

Mai Faci ya kama kunne ya karkata kai.

"Jama'a, kun ji wadda ta yi kuka? Injiniya ya sace!"

Gangaren nan kamar zai tsage. Masu baro suna faɗuwa a kan juna.

"Ku ɗauko shi, ga ruwa a baho, mu tsoma shi mu ga inda yake kumfa!"

"Kar wanda ya zare!" Kawu yake ihu. "Kar ku zare!"

Mai wanki ya ce daga nesa, "A ɗura masa sinadari, zai toshe da kansa!"

Mai ƙwai ta ce, "A'a, soso za a cusa masa, sai ya zauna!"

Allah ya taimake shi, ƙananan ƙusoshin takalmi ya samu, wandon kuma mai kauri ne. Aka ɓamɓare shi, aka kwantar da shi rub da ciki a kan amalanken wani, aka nufi mai magani da shi. Amalanken mai tayoyin iska ne. Na ji Kawu da kunnena yana ce wa mai turawa, cikin ƙaramar murya, "Wannan tayar taka tana da laushi, Allah ya yi mata albarka."

Da na waiwaya sai na ga Inna. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta yi ta yi ta riƙe, ta kasa, ta saki dariya irin wadda muka sani, mai ƙarewa da tari. Hawaye suna zuba, kuma ban iya raba na dariya da na wancan ba. Na tsaya da gwiwoyina a goge ina kallonta, na ji ko da Kawu ya cinye mana sukarin duniya na yafe.

Yanzu yana kwance rub da ciki a kan katifarsa, ƙafafunsa suna reto a inda ya yanke soso, yana gaya wa duk mai zuwa dubiya cewa tayarsa ba ta da laifi, gangaren ne ba a gina shi daidai ba. Mai Faci ya haɗa mini wata tsohuwar taya a dama. Ya dubi ta hagu ya ce, "Wannan mai rabon ganin baɗi, kawo in ƙara mata iska." Na ce sai wani lokaci.

Ko ƙwarzane babu a jikinta, Yaya. Amma kullum da safe kafin in fita ina danna ta da babban yatsa, kuma a 'yan kwanakin nan yatsan ya fara shiga. Na shafa yawu a bawul yadda kake yi, bai yi kumfa ba. Na bi robar da ido da hannu, ba ƙusa, ba ƙaya. Tafiya kawai take yi a hankali, ta inda ban sani ba. Malamin kimiyya ya taɓa gaya mana cewa iska ba ta ɓata, wuri take canjawa, amma na bar makaranta kafin ya faɗi inda take zuwa. Wani lokacin ina tura kaya sai in ji wata 'yar iska ta taɓa mini ƙeya, in tsaya a tsakiyar hanya har a yi mini hon.

A abu ɗaya dai Kawu ya yi gaskiya: tana sacewa. Na kare ta daga wuƙa da siminti da ƙusa, ban san yadda ake kare ta daga wannan ba. Ranar tana zuwa da zan ɗauko famfon nan naka in buga tawa a kan ragowar taka, ba mai riƙe mini bakinsa.

Ban gaya wa kowa ba tukuna.